Garwashin Bakabe da Ƙyastun Bakatsine

Kwanan baya ina zaune a wurin mai shayi a kasuwar Wad Madani, sai ga wani saurayi da faranti cike da 'yan abubuwan kunna wuta na roba, ja da kore da shuɗi, waɗanda mu nan muke kira zinad. Mutumin da ke kusa da ni ya sayi ɗaya, ya danna bai kama ba, ya sake dannawa bai kama ba, sai ya wurga shi cikin kwata ya ɗauki wani. Ba wanda ya ɗaga kai. Ni kaɗai na bi abin da kallo yana kwance cikin ruwan datti, har shayina ya huce. Na taso a zamanin da wuta take da gida, aka san mai ita, kuma sai an yi sallama kafin a ɗebe ta.

Hillarmu, wato ƙauyenmu, tana tsakanin Madani da Sinnar, ba nisa da bakin kogi. Iyayenmu daga yamma suka taso a ƙasa da niyyar hajji. Wasu sun je sun dawo, wasu kuwa auduga ta riƙe su a hanya, aka yanka musu hawasha, gonar da ake shayarwa da ruwan tur'a, wato magudanar da aka haƙa daga kogi, suka yi aure suka zauna. In gari ya waye, abin da kunne yake fara ji shi ne kukan jakuna da amon turmi da ƙarar ruwa yana gangarowa cikin tur'a. Daga nan sai muryoyin 'yan mata a ƙofar gidaje: "Salamu alaikum, a ba mu wuta." Kowace da kaskonta a hannu. Gidan da ya iya rufe garwashi da toka ya kwana da rai, shi ne mai arzikin safiyar, kuma ban taɓa jin an hana ba, ko da kuwa matan gidajen biyu ba sa ga maciji da juna. Tare da wutar nan labari yake yawo. Kafin koko ya dahu an san wadda ta haihu, an san wanda zazzaɓi ya kayar, an san akuyar wa ta kwana a hawashar wa. Yanzu kowane gida da tukunyar gas, a murɗa ta kama. Abu ne mai kyau, ban musa ba, idanun mata sun huta da hayaƙi. Sai dai maƙwabcinka yana iya kwana uku a kwance ba ka sani ba, don ba abin da zai kai ka ƙofarsa da sassafe.

A cikin masu hulɗa da wuta, ba waɗanda suka kai masu lofe ɗaukar abin da muhimmanci. Larabawan da muke zaune da su kados suke ce wa lofe. Nasu na dattawanmu kan yumɓu ne da dogon bututu na gora, tabar kuwa daga can sama take zuwa, wajen Rusairis, a zuba ta a 'yar jakar fata a jefa ɓawon lemo don kada ta bushe. Ba su da yawa, kuma liman ba ya son abin ko kaɗan, saboda haka suka yi wa kansu mazauni can nesa da masallaci, ƙarƙashin wata bagaruwa a bakin tur'a, inda iska take kwashe hayaƙin ta yi gona da shi. Nan suke haɗuwa bayan la'asar. A kan auduga bakinsu ɗaya, a kan ruwa bakinsu ɗaya, a kan lalacewar yaran zamani ma bakinsu ɗaya. Abu guda ne ya raba su gida-gida: da me ake kunna lofe. Akwai telan hilla, shi ɗan ashana ne, don ya ga Baturen da ke duba gonaki yana yi. Sai ya kare da tafin hannu ya ƙyasta, iskar yankinmu na Jazira ta kashe, ya ƙyasta ta kashe, har ƙasa ta cika da tsinkaye. Akwai wani tsoho da ya tsinci gilashin tabarau mai kauri, yake tara hasken rana a kan tabar har ta yi hayaƙi. Shi wannan da rani sarki ne, amma da hadari ya haɗo sai ya zama mutumin kirki, a gan shi a sahun gaba kusa da liman.

Ni ban taɓa shan taba ba, goro ne nawa. Amma abin ya shiga idona tun ina ƙarami, har ya zama duk ƙasar da na sauka sai na duba yadda mutanenta suke ba taba wuta. Na yi tuƙin lori, na yi aikin jirgin ruwa a Bur Sudan, na zauna Jidda da Alƙahira da Asmara, na bi ta Chadi na je Kano na ga ƙasar Hausa ta kakannina. A Masar na ga ana yawo da garwashi a ɗan kwando na ƙarfe ana kaɗa shi a iska, a ɗora wa masu shisha da awartaki. Wani Bagirke mai kanti ya nuna mini cewa su sau biyu suke kunnawa, na farko don tabar ta kumbura a danne ta, na biyu shi ne na gaskiya. Ma'aikatan jirgi suna cusa kai cikin riga su kunna, don iskar teku ba ta da mutunci. A kudu na ga tsofaffin mata da lofe mai tsawon kamu, su jawo itace mai ci daga murhu su kai bakinsa. A kowane harshe da na koya, na tarar akwai mai cewa tasa hanyar ce kaɗai daidai, sauran duk ɓata taba suke yi. Amma ban ga inda aka riƙe wannan gardama da gaske kamar ƙarƙashin bagaruwar nan ba, tsakanin mahaifina da amininsa Baba Tanko.

Mahaifina ɗan garwashi ne, kuma shi ne shugabansu. Yakan zuba tabar kaɗan-kaɗan yana dannawa da babban yatsa, sannan ya sa yatsu biyu cikin kasko ya ɗauko garwashi kamar ƙwayar gyaɗa, ya hure tokar, ya ɗora a tsakiya. Ba ya zuƙa nan take. Yakan jira, ya ce a bar su su gaisa tukuna. Kuma ba kowane garwashi ba: na bagaruwa kawai. Na karan auduga, in ji shi, kafin ka ce bisimilla ya mutu. Na kashin shanu kuwa na raggaye ne. Inna, mahaifiyarmu, ita take kawo masa. Kullum tana mita cewa warin tabar ya kama mata zannuwa, amma yadda take tona murhu tana zaɓar masa garwashin nan, ko tsakuwa a cikin dawa ba ta tsinta da irin wannan kula.

Baba Tanko shi kuma ɗan ƙyastu ne. Yana da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya zo da shi tun daga ƙasar Katsina, da ɗan dutsen ƙanƙara, da babbakakkiyar auduga da ya tsefe daga tsohon tsumma a cikin ƙahon rago. Sai ya ɗora audugar a kan dutsen ya riƙa bugu, ƙyas, ƙyas, ƙyas, har tartsatsi ya faɗa mata, ya hura, ya cusa a bakin lofe. Ra'ayinsa shi ne namiji ya riƙe wutarsa a aljihu. Ya ce da wannan ƙarfen ya dafa abinci a dajin da ko tsuntsu babu, kuma tun da ya auri Gwaggo Hajjo bai taɓa leƙa madafarta ya roƙi wuta ba. Tare suka yi doguwar tafiyar nan shi da Baba, wato mahaifina. Baba Bakabe ne, shi Bakatsine, ga wasan da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa, ga kuma wannan. Ba su kiran juna da suna.

"Bakabe, yau ma sai da anka ba ka izini daga madafa?"

"Kai dai ci gaba da sassaƙa dutse, Bakatsine. Kafin ka kama wuta na gama tawa na yi alwala."

"In matarka ta yi fushi fa? Sai azumi."

"Gara azumi da in sha tsumma. Kai kana cewa taba kake sha, alhali tsohon wando kake sha."

Haka kullum, har mutane suka daina ji, kamar yadda aka daina jin kwaɗin tur'a.

A lokacin da abin da zan faɗa ya faru na riga na zama direba, na yi aure, ina da ɗaki guda a Madani. Ana ginin madatsar ruwa a can sama, mu kuma muna jigilar kaya zuwa Damazin. Inna ta rasu da sanyin shekarar, yayyena mata suna gidajen aurensu, ɗaya a Rufa'a ɗaya a Sinnar, Baba ya saura shi kaɗai a gida. Yanar ido kuma ta fara rufe masa gani, yana ganin mutum kamar inuwa. Abinci ba matsala, maƙwabta suna aikowa. Garwashi ne ya koma ɗebowa da kansa, yana lalube da sanda. Rannan da tsakar rana, a lokacin zafin nan da ake tuge karan auduga ana ƙonewa, komai ya bushe ƙayau, barci ya ɗauke shi a rumfa da lofe a baki. Garwashin ya faɗo kan tabarma, tabarma ta ba zana, zana ta ba rumfa. Allah ya sa mutane suna kusa, aka yi ta kwaso ruwa daga tur'a. Rumfar ta tafi, dangar maƙwabci ta tafi, shi kuwa ba abin da ya rasa sai gefen gemu. Amma hilla ce ta kara da ciyawa, kowa ya tsorata. Shehun hilla, wato mai gari, ya yanke magana: kada a sake ganin wuta a hannun Baba sai da babban mutum zaune kusa da shi, ya kunna masa, ya jira har lofen ya mutu a karkaɗe tokar. In babu mai yi, ɗansa ya zo ya ɗauke shi.

Saƙon ya same ni a hanya. Na biyo da lori ba kaya, mai motar ya ba ni kwana guda. Na tarar da Baba zaune a kan angareb, gadon nan na igiya, a gindin bango inda 'yar inuwa ta rage, lofe a baki babu wuta. Na gaishe shi, na yi masa jaje, sannan na kawo maganar tafiya Madani. Na shirya hujjoji tun daga hanya: ɗakina na bulo ne, akwai asibitin ido, surukarsa za ta kula da shi. Na san kuma abin da ban faɗa ba, cewa a ɗaki guda da mace mai ciki ba inda zai sha taba, ba bagaruwa, ba wanda zai kira shi Bakabe, kuma kabarin Inna zai yi masa nisa. Ina jiran ya yi faɗa. Sai kawai ya cire lofen ya ce, "To, Direba. Abin da ka gani." Wannan amsa ta fi faɗa tayar mini da hankali. Mutumin da zai yi gardamar yini guda a kan girman garwashi, ga shi ana raba shi da garin da ya gina da hannunsa ya ce to.

Da la'asar na riƙe masa sanda muka je bagaruwa, ina fatan a sami mafita. Duk wanda ke wurin yana da hawasha a wuyansa ko keken ɗinki, ba mai iya zaman safe da yamma. Mutum ɗaya ne 'ya'yansa suka karɓe masa gona, ba abin da yake yi sai gardama, shi ne Baba Tanko. Shi kuwa tun kafin a roƙe shi ya yi tayi.

"Mi ne ne abin wahala? Ni zan kunna mishi. Safe da marece. Miƙo lofen, Bakabe." Ya fiddo ƙahonsa.

Baba ya mai da lofen cikin aljihu. "Na gode. Ban tsufa da shan wando ba."

Na ce, "Baba, ga wani abu na zo da shi." Na fiddo zinad irin na wancan zamani, na ƙarfe mai auduga da fetur, wanda nake taƙama da shi a cikin direbobi. Na lallashe shi ya cika lofen, na kunna masa. Ya ja sau ɗaya, ya yi tari, ya tofar.

"Direba, lorin taka ce ka cusa mini ciki?"

Tela ya gwada ashanarsa, iska ta kashe, ya sake, da ƙyar ta kama. Baba ya ce warin kibrit, farar wutar kan ashanar, ya kai masa har ƙeya, ya karkaɗe tabar a ƙasa. Tsohon nan mai gilashi ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ga ta yi ƙasa, ya mai da gilashinsa aljihu. Sai tela ya ce, "Baba Tanko, ai abin mai sauƙi ne. Ga Gwaggo Hajjo da itacen bagaruwa take girki. Ka riƙa ɗauko mishi garwashin mana."

Baba Tanko ya miƙe zaune kamar an soka masa ƙaya. "Ni? In ɗauki kasko in ratsa hilla awa ɗiyar da anka aika? Ranar da kunka gan ni da kasko, ku ɗaura mini zane." Aka yi dariya. Ya juya wajen Baba. "Kai kuma taurin kan mi? Wuta ai wuta ce. Ka sha ta ƙyastu ka zauna garinka."

"In wuta wuta ce, ɗauko kaskon."

"Ba ni ɗaukowa."

"To ni ma ba ni sha. Ku ƙyale shi, jama'a. Gobe in Allah ya kai mu na tahi birni, ya huta."

Dariyar ta tsaya. Baba Tanko ya buga ƙyastunsa da ƙarfi har dutsen ya ɓantare, bai ko kunna ba, ya tattara kayansa ya tashi. Ni kuwa raina ya ɓaci da su duka biyu. A lokacin ina ganin tsofaffi biyu ne za su rabu har abada a kan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Sai da na girma na gane cewa Baba ba taurin kai kaɗai yake yi ba. An riga an karɓe masa ido, an karɓe masa mata, an karɓe masa izinin taɓa wuta. Abin da ya rage masa na kansa shi ne ya ce ga yadda yake so.

Washegari da hantsi muka ɗora kaya. Ba su da yawa: akwatin ƙarfe, buta, buzun salla, sai angareb da na ɗaure a bayan lori. Mutane suka taru ana sallama, mata suna kawo ƙullin kuka da daddawa. Baba yana zaune a kan wani turmi da aka kifa masa, yana amsa addu'a, kansa yana juyawa duk inda ya ji sabuwar murya. Can ya jawo hannuna ya yi ƙasa da murya.

"Bakatsinen ya zo?"

"Bai zo ba, Baba."

"Ya kyauta. Dama ba ni son hayaniya."

Na je gaban mota na sa hannu zan juya injin, sai muka ji guɗa daga can ƙarshen hilla. Ba biki, ba haihuwa. Kowa ya waiga. Guɗar ta sake tashi, ta matso, wasu muryoyin suka kama. Sai ga Baba Tanko ya ɓullo daga lungu, ya riƙe kasko da hannu biyu can nesa da jikinsa kamar mai ɗauke da kunama, yana taku ɗaya-ɗaya, fuskarsa a murtuke. Ya tulo garwashin da zai gasa rago. Bayansa Gwaggo Hajjo ce, da sabon zane a kafaɗa, tana rangaɗa guɗa. Daga baya muka ji cewa ta bayan gari ya so ya zagayo a ɓoye, ita kuwa ta ce shekarun da ta yi tana jiran mutumin nan ya shigo madafarta ya ce a ba shi wuta, ba za a yi abin a ɓoye ba.

"Mi ke faruwa, Direba?" in ji Baba.

"Baba Tanko ne."

"Da mi?"

"Da kasko, Baba."

Na ga gemun nan mai gefe guda yana rawa. Ya sa hannu a aljihu ya fiddo lofe da jakar taba, ya shiga cikawa a hankali, yana dannawa, kamar ba shi ake jira ba. Baba Tanko ya dire kaskon a gabansa.

"Ga ta nan. Kada ka ce komi."

"Ban ce ba. Ɗora."

Nan fa ake yinta. Baba Tanko bai taɓa ɗaukar garwashi da hannu ba tun da aka haife shi. Ya dubi kaskon, ya dubi jama'a, ya zaɓi wani jajir mai girman dabino ya cafka. Ai kuwa sai ya yi ƙara ya yar, ya shiga yarfe hannu yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana ambaton kakannin Kabawa ɗaya bayan ɗaya. Shehun hilla da kansa ya take garwashin da takalmi. Gwaggo Hajjo ta miƙo ludayin ƙarfe, Baba ya ji ƙararsa ya ce a'a, ƙarfe yana kashe shi, da hannu ake yi. Sai na ji wani sauti da rabona da shi tun kafin rasuwar Inna: Baba yana dariya, irin ta cikin ciki, har yana riƙe haƙarƙari.

"Shafa toka a yatsun tukuna, jahili. Kuma ba jan ba. Nemi ƙarami, wanda ya yi fari-fari a baya. Kada ka matse shi, ba bashi ya ci maka ba. Ɗauke shi awa ƙwai."

"Kai da ba ka gani, kai ka koya mini?"

"Ni da ba ni gani ban taɓa rawa gaban mata ba."

A karo na biyu ya sake yarwa. A na uku ya kai shi bakin lofen, yana cije leɓe, ya saki. Baba ya jira yadda ya saba, sannan ya ja a hankali. Hayaƙi ya fito ta gefen bakinsa, shuɗi, siriri. Ya ja na biyu, ya lumshe idanun da ba su gani.

"Ya yi girma," in ji shi. "Kuma ka ɗora shi a karkace." Ya juyo wajen da nake. "Direba, sauke gadon. Wanga mutum bai iya komi ba. In na tahi na bar shi haka, wa zai koya mishi?"

Ban taɓa igiyar da na ɗaure gadon ba tukuna, don ni ne zan kwana da tunanin wata gobarar a hanyar Damazin. Na durƙusa gaban Baba Tanko, a gaban shehun hilla, na ce, "Baba Tanko, ba na yau kaɗai ba ne fa. Safe da yamma ne, kuma ba tashi sai ta mutu an karkaɗe."

Yana hura yatsunsa ya ce, "Na ji, ɗana. Je ka yi tuƙinka. Ai Bakabe ba shi da nisan kwana, 'yan watanni ne in huta." Gwaggo Hajjo ta yafa masa zanen a kafaɗa, mata suka sake guɗa. Bai cire ba. Ya kama gefensa ya naɗe yatsun da suka ƙone.

'Yan watannin nan sun zama shekaru masu dama. An sake rumfa, aka kafa ta nesa da danga, aka share ƙasanta ƙal. Duk lokacin da na biyo da mota nakan same su a ciki, kuma har Baba ya koma ga Allah a ɗakinsa, a garinsa, ban ji ya ce an ɗora masa garwashi daidai ko sau ɗaya ba. Amma abin da ya fi zama mini a ido shi ne na ranar nan, bayan na sauke angareb na hau mota. Na leƙo ta taga don in yi sallama, sai na ga Baba Tanko ya zauna a bakin gadon kusa da Baba, ya cika nasa lofen. Kasko yana gabansa cike da wuta, ko hannu ba sai ya miƙa da nisa ba. Sai ya fiddo ƙaho da ƙarfe da ɓantararren dutsensa, ya shiga bugu da naɗaɗɗun yatsu, yana buga yana yamutsa fuska don zafi.

"Ga wuta gabanka, Bakatsine," in ji Baba.

"Wagga taka ce," in ji shi, ya ci gaba da bugu.